A Yi Walimar Inda Babanki Zai Iya Zama

Zuwa ga autata Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa da 'yarta, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki. Allah ya tsare min ke a garin mutane, ya raba ki da sharrin hanya da sharrin baki, ya sa ki gama jarrabawarki lafiya ki dawo mana. Mu nan Gumel sai godiyar Allah. Babanku Direba yana nan, da sauƙi za a ce.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannuna. Kin dai san yadda zamanmu yake. Tun da ciwon nan ya shanye masa ɓarin jiki ɗaki ɗaya muke wuni, kuma bakinsa ne kawai ya ƙi, kunnensa ras yake. Abin da zan faɗa miki ba zan iya faɗarsa yana ji ba. Hannuna kuma bai manta biro ba, ko da yake na daɗe da ajiye alli.

Maganar da muka yi ce ta hana ni sukuni. Kin ce ke da Nasiru kun yi shawara ba kwa son zauren biki, ba kwa son anko, ba kwa son dina da masu kiɗan lasifika. Kin ce in an ɗaura aure a yi walima kawai a wurin da Baba zai iya zama a cikin mutane. Ni kuwa ban bari kin kai aya ba na hau ki da faɗa. Na ce so kike a ce tun da Direba ya kwanta gidansa ya mutu? Na ce an yi wa yayarki na kece raini, ke za a yi miki kamar sadakar bakwai? Na kashe wayar kina cewa, "Umma, ki tsaya ki ji." Ki yafe min, Auta. Gaskiya kika faɗa, ita ce kuma ta yi min zafi, domin kin taɓa wani miki da ba ki san yana nan ba.

Ranar dinar yayarki ke kina cikin 'yan matan amarya, tun hantsi kuka tafi wurin kwalliya, don haka ba ki ga abin da ya faru a gida ba. A lokacin ciwon babanku bai shekara ba. Ni na shirya komai ba tare da na tambaye shi ba. Na kama zauren biki, na raba kati, na roƙi Gwaggonku Talatu, ƙanwarsa, ta zo daga Ɗanzomo ta zauna da shi har mu dawo. A raina na gama yanke cewa ba za shi ba, ban kuma ga dalilin gaya masa ba.

Bayan la'asar motoci suka cika ƙofar gida suna ta oda. Na fito cikin ankona ina gyara ɗaurin ɗankwali, ina shiga zaure sai na gan shi a kan kujera. Ya sa shuɗiyar babbar rigarsa ta sallah. Shi ya sa wa kansa, da hannun nan guda mai motsi, domin wuyan rigar ya karkace, hannu ɗaya bai shiga daidai ba, hular ma ta zame gefe. Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da ya ɗauka yana fama da ita. Har turare ya shafa. Da ya gan ni sai ya ɗaga hannu ya nuna ƙofa, yana cewa, "Mu... mu..."

Mu tafi yake nufi. Na fi kowa sanin haka.

Na durƙusa na ce, "Malam, wurin akwai matattakala, ga hayaniya, likita ya ce a raba ka da hayaniya. Ka zauna da Talatu, yanzu za mu dawo."

Babu likitan da ya ce haka. Matattakalar kuwa 'yar ƙarama ce, samari biyu sun isa su ɗaga shi. Abin da nake gudu shi ne yawun nan da yake zubo masa ta gefen baki, da surukan da suka zo daga Kano da masu ɗaukar hoto. Ba na son a ga mijina a haka. Na ce wa kaina mutuncinsa nake karewa. Sai daga baya na gane tawa fuskar nake karewa.

Bai yi gardama ba. Da wane bakin zai yi? Ya dube ni kawai, ya sauke hannunsa a kan cinya. Na fita na shiga mota.

A can an ci an sha, an yi ta liƙi, kowa yana cewa Hajiya Hajara ta fitar da 'yarta kunya. A kujerar da ke gefena aka zaunar da ƙaninsa, mai lasifika yana ta kiransa uban amarya. Da muka dawo bayan magariba, na tarar da babanku a inda na bar shi, da rigar a jikinsa. Gwaggonku ta ja ni gefe ta ce ya ƙi shiga ciki, ya ƙi cin abinci, duk motar da ta wuce sai ya ɗaga kai, yana zaton an aiko a ɗauke shi. Sannan ta ce min, "Hajara, ɗan'uwana fa bai mutu ba. Ku daina yi masa takaba yana raye."

Har fushi na yi da ita. Amma bayan kwana biyu da aka kawo hotunan bikin a waya, na nuna masa da murnata. Ya kalli yayarki cikin kayan amarci, ya daɗe yana kallo. Da aka zo wanda ƙaninsa yake riƙe da hannunta, sai ya ture wayar a hankali ya juya fuskarsa ga bango. Mutumin da ya yi ta jigilar kaya da dabbobi tsakanin Maigatari da Kano, rani da damina, don ku yi karatu, shi ne bai ga 'yarsa ta fari a ranar aurenta ba, alhali yana cikin gari ɗaya da ita.

To ga shawarata ta farko. Duk abin da za ku tsara, kada ku fara da tambayar me mutane za su ce. Ku fara da tambayar wa zai rasa wurin zama in an yi shi haka. Ba babanku kaɗai ba. Akwai tsofaffin da ba sa iya zaman dare, akwai 'yan'uwanmu na ƙauye da ba su da kuɗin anko sai su ƙi zuwa don kunya, akwai wanda mai gadi zai tare a ƙofa don ba shi da kati. Bikin da ya kori waɗannan, ko da wa ya cika, bai cika ba.

Akwai wani kuskuren kuma, wanda ya fi wancan daɗewa. Kin tuna Malam Isuhu, abokin babanku na tasha, mutumin tsallaken iyaka, wanda yake kawo muku dabino kuna ƙanana? Tare suka yi ta lodi a kasuwar Maigatari tun kafin a haife ki. Da babanku ya kwanta, shi da sauran direbobi sun yi ta zuwa. Ni kuwa sai in leƙo in ce yana barci, ko in ce yanzu ya sha magani. Wani lokaci yana zaune a ciki yana jin muryarsu. Ba na son waɗanda suka san shi da ƙarfinsa su gan shi ana ba shi kunu a cokali. A hankali ƙafa ta ɗauke. Ni ɗin dai na koma ina cewa mutanen yanzu ba su da amana.

Kwanakin baya na haɗu da Malam Isuhu a bakin kasuwa. Ya tsufa shi ma, ya bar tuƙi. Bayan mun gaisa ya tambayi mai jiki, sai na kasa riƙe bakina na ce, "Ai kun yada shi."

Sai ya ce, "Hajiya, mu da muka sha hura ƙwarya guda, ina za mu yada shi? Ƙohwa ce ba ta buɗuwa. In ta buɗe, ko da rarrahe zan zo."

Na dawo gida da kunya kamar in nutse. Saboda haka su ne mutanen farko da za a gayyata. Kuma ba da kati ba. Kawunku zai je tasha da ƙafarsa ya faɗa musu da baki, ya ce Direba yana aurar da autarsa, yana son ganinsu. Ke ma ki riƙe wannan a gidanki. In Allah ya jarrabi mijinki da ciwo ko rashi, kada ki rufe shi a ɗaki ki ce sutura kike yi masa. Sutura daban, kurkuku daban.

Yanzu bari in zo kan yadda nake ganin za a yi. Kin ce a tsakar gida. Na auna, tsakar gidanmu ba za ta ɗauki mutane ba, kuma bangon nan huɗu ya gaji da kallonsu. Me zai hana a kai walimar gonarsa ta hanyar Gagarawa? Tun da ya kwanta bai sake taka ta ba. Lokacin bikin an gama kaka, an kwashe riɗi da gero, fili ya share, sanyi kuma bai kankama ba. Tsamiyar nan ta tsakiyar gonar inuwarta ta isa mutane da yawa, in an ƙara rumfar zana a gefe mata su zauna. Mota tana shiga har gindinta, shi da kansa ya fasa hanyar. Maƙwabtan gona mutanen kirki ne, za su taya mu shara da ɗibar ruwa.

A yi shi da hantsi, ana dawowa daga ɗaurin aure, a tashi kafin la'asar. Da safe jikinsa ya fi ƙarfi, in rana ta yi nisa sai ya fara gyangyaɗi. Waɗanda suka zo daga Sule Tankarkar da Ɗanzomo da tsallake ma sai su koma gida da sauran rana.

Kada a kawo kujeru, kada a yi wani babban tebur na manyan baƙi. A shimfiɗa tabarmi da darduma, kowa ya zauna a ƙasa. Na lura da wani abu a shekarun nan: duk wanda ya zo gaishe shi a tsaye yake, yana kallonsa daga sama kamar yaro. In kowa yana kan tabarma, shi yana kan kujerarsa, to shi ne a sama, kamar yadda uban amarya ya kamata ya kasance.

Abinci ma na yi tunaninsa. Ba na son a raba wa mutane shinkafa da kaza a roba, shi kuma a koma gefe da shi ana ba shi nasa daban. A dama fura mai laushi da nono mai kyau, a yi kunun gyaɗa, a yi tuwon gero da miyar kuka mai santsi, a yi dambun nama, ga zoɓo. Abin da zai iya haɗiya shi kowa zai ci. Gwaggonku ta ce ita za ta tsaya a kan tukwane, kin kuwa san hannunta. A ci a faranti ɗaya mutum huɗu ko biyar, yadda muka taso muna yi. Ke kuma, in kin yarda, ki tashi da kanki ki kai wa tsofaffi ƙwaryar fura. Amaryar da aka kafe a kujera kamar hoto ba ta samun albarkar kowa sai ta mai kyamara.

Ban da lasifika. Tana firgita shi, kuma inda lasifika take ba a jin mai ƙaramar murya. A bar mutane su yi hira. Abokansa su tuna masa tafiye-tafiyensu, ki ga yadda yake dariya da rabin fuska. Malamin unguwa ya yi addu'a, dattawa su yi muku nasiha ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ga dama.

Batun kayan rabo, bokitai da kofuna masu hoton ango da amarya, ki bar shi. Na yayarki har yau ina ganin ɗaya a bayan gidan maƙwabta, fuskarta ta koɗe ana wanke-wanke a ciki. Na fi son a samo dashen itatuwa, darbejiya da mangwaro da zogale, duk wanda zai tafi ya ɗauki ɗaya. Ƙasarmu tana bukatar inuwa. Ku ma ku dasa naku a gonar kafin a watse, a kama hannun babanku ya zuba ruwan farko. In kin tafi can kudu inda Nasiru yake aiki, zan riƙa zuwa ina duba miki shi.

Sai dai ki ji wannan da kyau, kada sabon tsari ya sa ki raina na da. Nasiru shi kaɗai ne namiji wurin mahaifiyarsa, ta daɗe tana jiran wannan rana, ta ci bikin 'ya'yan mutane tana sa ran nata. In labari ya iske ta a bakin wani cewa amarya ta soke biki, ba za ta manta miki ba. Na san abin da nake faɗa. Lokacin da aka kawo ni gidan nan ina taƙama da takardar malanta, kakarku ta shirya min buɗar kai irin ta Ɗanzomo, na ce ni ba na son bidi'ar ƙauye. Sai ta sallami matan da ta tara. Mun zauna lafiya har ta rasu, amma ba ta sake kirana 'yata ba, sai matar Habu. Kalma ɗaya ta jawo min wannan. Don haka ni da Gwaggonku za mu je Sule Tankarkar mu same ta a ɗakinta, mu gaya mata dalili, mu nemi yardarta. Lalle da kamu da kiɗan ƙwarya na mata, duk a yi su a gida yadda aka saba. In ta ce tana son wani abu nata ranar da aka kai ki, ki ce to. Ba al'ada muke gudu ba, wurin zama muke nema wa mara lafiya.

Yayarki ma ki kira ta da kanki. Za ta iya ɗauka gori kike yi mata. Ba ta san abin da ya faru a zauren gidanmu ranar dinarta ba, ce mata na yi jikinsa ne ya tashi. Ni zan gaya mata gaskiya, wannan nauyina ne, ba naki ba. Ke dai ki nuna mata kina bukatarta a kusa.

Mutane za su yi magana, kada ki yi shakka. Za a ce rowa ce, za a ce karayar arziki ce, za a ce 'yar boko ta zo da sabon salo, biki a gona kamar masu gayya. Bari su faɗa. Na riga na gwada ɗaya hanyar. An yabe ni mako guda aka manta, ni kuwa har yau ban daina biya ba.

Abu na gaba da wuya nake rubuta shi. Na ji dangin Nasiru suna cewa ko a ɗaga bikin zuwa bayan babbar sallah. Kada ki yarda, Auta. Ke kike karatun jinya, kin fi ni sanin abin da ake nufi in mai irin wannan ciwo ya fara sarƙewa da ruwa. Ya rame fiye da yadda kika bar shi. Barcinsa ya yi yawa. Rai a hannun Allah yake, mai lafiya ma yana riga mara lafiya, amma ni da nake juya shi kullum na san abin da hannuna yake gaya min. A bar ranar yadda aka sa ta.

Shekaranjiya da safe, bayan na goge masa jiki, na zauna a gabansa na gaya masa. Wannan karon tambayarsa na yi. Na ce, "Malam, Auta ta ce ba ta son zauren biki. Ta ce inda kake nan ne wurin bikinta. Mun ce ko a yi a gonarka, gindin tsamiya, a kira su Malam Isuhu. Ka yarda?"

Ya daɗe yana kallona, kamar yana son ya tabbatar ba lallashinsa nake yi ba. Sai ya kama hannuna ya matse da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba, ya gyaɗa kai. Muka zauna muna kuka mu biyu kamar yara, har kunun ya huce.

Tun daga ranar ya ɗauko wani aiki. In na fita tsakar gida sai in jiyo shi yana magana shi kaɗai. Da fari na zaci kirana yake. Da na saurara sai na gane albarkar da zai sa miki yake koyo. Yana farawa, "Allah... ya yi... miki..." sai harshen ya sarƙe, ya tsaya, ya huta, ya sake ɗaukowa daga farko. Jiya na ji tausayinsa ya kama ni na shiga na ƙarasa masa, na ce, "albarka." Ya ɗaga hannu ya dakatar da ni, ransa a ɓace. Sai a lokacin na gane shekarun nan duka haka nake yi masa, ina ƙwace maganar daga bakinsa ina cewa taimako ne.

To wannan ita ce shawarata ta ƙarshe, kuma ta fi duk sauran. Ranar nan, idan kin durƙusa a gabansa ya ɗora hannu a kanki, zai fara, kuma zai tsaya. Wurin zai yi tsit. Za ki ji kamar ki taimake shi, wani dattijo ma zai so ya ce amin don a rufe masa asiri. Na riga na gaya wa Kawunku ya hana kowa. Ke ma kada ki ɗago, kada ki ƙarasa masa. Ko fura za ta tsinke, ko rana za ta karkata, ki jira. Kalmar tasa ce, kuma zai kawo ta.

Allah ya kai mu ranar da rai da lafiya. Allah ya ba babanku sauƙi, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Allah ya sanya alheri tsakaninki da Nasiru, ya ba ku haƙuri da juna a lafiya da rashinta, ya tsare ku a duk garin da za ku zauna. In kin tashi tahowa ki shigo motar safe, kada ki yi tafiyar yamma. Allah ya kiyaye hanya, ya kawo min ke lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara